Yadda Ake Koya wa Ƙaramin Yaro Nahawu a Gida: Abin da Za a Yi da Baki da Abin da Sai an Rubuta

A garin Tawa na Nijar gidajen da ke riƙe yaro su koya masa boko a tsakar gida ba su da yawa, amma akwai su. Wani yaron rashin lafiya ce ta hana shi zaman aji, kamar mai amosanin jini, yau yana tsaye gobe yana kwance. Wani iyayensa sun leƙa ajin unguwa sun ga ya cika maƙil, sun ce bari ya ƙara ƙwari tukuna. Wasu kuma zamansu ne ba na wuri ɗaya ba, rani a gari, damina a gona. Ko mene ne dalili, duk wanda ya ɗauki wannan nauyi, da zarar yaro ya gane baƙaƙe ya fara haɗa su, zai ci karo da tambayar nahawu: da baki ake koyar da shi, ko sai an sayo kaye, wato littafin rubutu, an zauna rubutu?

Amsar tana cikin halin harsunan biyu da yaron zai yi aiki da su, Hausa da Faransanci. Nahawun Hausa kusan dukkansa a kunne yake, har akwai wanda kunne ke ji amma alƙalami ba ya nunawa. Idan kun ce “Sani ya zo” kuka ja wasalin “ya” da murya sama, labari kuka bayar, ya iso. Idan kuka gajarta shi kuka sauke murya, kamar a “ce wa Sani ya zo”, kira ne. A takarda duk “ya zo” ne, domin rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya. Faransanci kuwa a juye yake. “Il mange” da “ils mangent” sautinsu ɗaya. Ko mutum ɗaya ne ke cin abincin ko mutum goma, sai ido ya gani. Daga nan na ɗauko ƙa'idar da za mu bi har ƙarshe: duk abin da kunne ke iya rarrabewa a koyar da shi da baki, abin da kunne ba ya ji shi ne rabon alli da allo, kuma lokacinsa sai daga baya.

Na fara da Hausa ne da gangan. Yaro ya fi saurin gane mene ne suna, mene ne aikatau, wato kalmar aiki, a harshen da yake mafarki da shi, sa'annan ya ɗauki wannan ganewar ya shiga da ita Faransanci. Wannan ba sabon tunani ba ne a ƙasar nan: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Kundin mulkin ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 kuma ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Yaron da ya tashi ya iya rubuta Hausarsa daidai ba zai yi asara ba.

Mataki na farko: ku saurari yaron

Kafin ku koyar da komai, ku ɗauki ƴan kwanaki kuna kasa kunne ga maganarsa lokacin da yake wasa, ko yake kawo ƙarar yayansa. Yaro ɗan shekara biyar ya riga ya iya nahawun da zai ba ku mamaki. Yana cewa “na nemi Sani”, “na neme shi”, “ga abin da na nema”, yana canza ƙarshen aikatau sau uku, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa. Abin da kuke nema shi ne ƴan wuraren da har yanzu yake tuntuɓe. Galibi jam'i ne, ya ce “kazoji” maimakon kaji. A gidan da ake haɗa Hausa da Zabarmanci, kamar yadda ake samu da yawa a Yamai, za ku iya jin yana musanya “ya” da “ta”, domin Zabarmanci ba ya raba namiji da mace a wakilin suna.

A nan akwai abin da nake so iyayen Adar, wato yankin Tawa, su riƙe da hannu biyu. Idan yaro ya ce “munka tahi”, “shina zuwa”, “anka hwara”, “na kai ma Inna”, ko “Audu na” a wurin “Audu ne”, bai yi kuskure ba. Adaranci ya yi, kuma Adaranci yana da ƙa'idarsa cikakkiya. Hausar da ke cikin littattafai ta fi kusa da ta Kano, shi ya sa ake rubuta “muka tafi”, “yana zuwa”, “aka fara”. Yaron zai buƙaci ta littafi, amma ku gabatar masa da ita a matsayin ƙari: “A gida muna cewa munka, a littafi ana rubuta muka.” Yaron da aka riƙa gwale shi a kan maganar kakarsa, bakinsa yake kamewa, kuma duk matakan da ke gaba da bakin nan za a yi su.

Mataki na biyu: wasannin baki, daga shekara huɗu zuwa shida

Wannan matakin ba ya son tabarma ta musamman ko lokaci na musamman. Minti goma sun isa, da safe kafin rana ta yi zafi, ko da yamma ana tsintar shinkafa. Ga yadda yake kasancewa. Uwa tana zaune da faifai a cinya, autarta na gefe:

“Auta, akuya ta shigo ko ya shigo?”

“Ta shigo, Inna.”

“Bunsuru fa?”

“Ya shigo!”

“Kasuwa ta cika ko ya cika?”

“Ta cika.”

“To gida?”

Yarinyar ta ɗan yi jim, ta maimaita a hankali, “gida ya cika, gida ta cika”, sai ta ɗago: “Ya cika!”

“Madalla. Jiya Baba ta tahi Galmi sayen albasa.”

“Inna! Baba ai ya tahi!”

Ku lura da abin da yarinyar ta yi a kan “gida”. Ta gwada biyun a bakinta, kunnenta ya zaɓa. Wannan ɗabi'ar ce ake son ginawa, kuma za ta yi mata amfani har a Faransanci. Kuskuren ganganci da uwar ta yi a ƙarshe kuwa shi ne makami mafi kaifi a wannan shekarun, domin ba abin da yaro ke so kamar ya kama babba da kuskure. Ku riƙa yi, ku bar shi ya gyara ku.

Ku fara da masu sauƙi, sa'annan ku kutsa cikin masu ruɗi. Yawancin sunayen da ke ƙarewa da “a” mata ne, irin su riga, rana, tukunya, amma gida, ruwa, nama, suna da wata duk maza ne. Sunayen garuruwa mata ne ko da me suka ƙare, shi ya sa muke cewa Yamai ta yi nisa, Ƙonni ta cika. Haka ranakun mako: Lahadi ta zo. Kada ku karanta wa yaron wannan a matsayin doka. Ku dai jefa masa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, shi zai gano.

Wasa na biyu shi ne “ɗaya da yawa”. Ku ce tunkiya, ya ce tumaki, saniya, shanu, raƙumi, raƙuma, kaza, kaji, dutse, duwatsu, tulu, tuluna. Jam'in Hausa hanyoyinsa suna da yawa ƙwarai, ba ƙa'ida guda da za ta tattara su, sai yawan ji. Ranar Lahadi in kun shiga kasuwa da shi, darasi ya samu: duk abin da kuka wuce ku tambaye shi ɗayansa da jam'insa.

Na uku shi ne na lokuta. Ku ba shi jimla guda, “ina shan fura”, sai ku ce “jiya”, ya mayar da ita “na sha fura”. “Gobe”, “zan sha fura”. “Kullum”, “nakan sha fura”. In ya ƙware, ku girgiza kai alamar a'a, ya kore: “ban sha ba”, “ba na sha”, “ba zan sha ba”. Akwai kuma wanda ake yi da jiki, wanda yara maza masu ƙiriniya suka fi so. Ku tsaya cikin ɗaki ku ce “fita”, ku koma waje ku ce “fito”; shiga da shigo, kai da kawo, tafi da taho. Nan da nan zai gane cewa “o” ɗin nan ta ƙarshe tana nufin zuwa wajen mai magana.

Me ya sa ba za a rubuta duk wannan ba? Domin hannun yaro a wannan shekarun bai nuna ba. Riƙe fensir da zagaya “a” kaɗai yana cinye masa hankali duka. In kuka ɗora masa tunanin jinsi da jam'i a kai, kamar a ce yarinya ta koyi ɗaukar tulu a ka da gudu a rana ɗaya ne. A minti goma zai iya amsa tambaya talatin da baki. Da fensir da ƙyar ya gama jimla biyu, ya tashi yana ƙin karatun.

Mataki na uku: tatsuniya da maimaita labari

Wasannin can guntaye ne. Doguwar jimla a tatsuniya ake samunta. Ku ba shi labarin Gizo da Ƙoƙi da dare kamar yadda aka saba, daga “ga ta nan ga ta nanku” har “ƙurunƙus”, sai da safe ku ce shi ma ya ba ku. Kada ku katse shi. In ya tsaya, “sai me ya faru?” ta isa. A nan yake koyon “da”, “sai”, “amma”, “domin”, “bayan da”, waɗanda su ne ke ɗaure jimla da jimla, kuma rashinsu ne ke sa rubutun yara da yawa ya zama tsinke-tsinke.

Idan labarin ya zauna masa, ku juya shi. “Yau Ƙoƙi ce ta je gonar, ba Gizo ba.” Dole duk “ya” ta koma “ta”, “gonarsa” ta koma “gonarta”. Wata rana ku ce shi ne Gizon, ya ba da labarin da “na” da “ni”. Wata rana Gizo da abokinsa ne, komai ya koma “suka”, ko “sunka” in a bakin gida ne.

In ya yi kuskure na gaske, kada ku tsayar da labari ku buɗe wa'azi. Ku maimaita abin da ya faɗa a gyare, kamar kuna tabbatarwa: ya ce “ya ga kazoji”, ku ce “af, ya ga kaji? Kaji nawa?” Zai ɗauka ba tare da ya ji kunya ba.

Mataki na huɗu: tsallakawa zuwa allo

Alamun da za ku duba ba shekaru ba ne kaɗai, ko da yake galibi tsakanin shida da bakwai abin ke faruwa. Yana rubuta baƙaƙe ba tare da ya tsaya tunanin siffarsu ba? Yana karanta gajeriyar jimla ya gane ta? Yana iya ba da labari mai jimla biyar ko shida a jere? In eh, lokaci ya yi.

Ku fara da ku ne marubuta. Ya faɗi jimla tasa, ku rubuta a allo yana kallo, kuna furtawa a hankali. Sa'annan ku kawo tsakuwa ko ƙwallayen dabino, a ajiye ɗaya a ƙarƙashin kowace kalma. Wannan ɗan aikin ina ba shi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin raba kalmomi shi ne babban ciwon rubutun Hausa, har ga manya. Baki ba ya tsayawa tsakanin kalma da kalma, saboda haka kunne ba zai taimaka ba; wannan rabon ido ne. “Shi ne ya zo” tsakuwa huɗu. “Yana zuwa” biyu. “Gidansa” ɗaya. “Za ta tafi” uku. Ku nuna masa inda rabawar ke canza ma'ana: “ta ce” magana ce, “tace” aikin koko ne da rariya, “ka sa” umurni ne, “kasa” gazawa ce. Yaron da ya kwana biyu yana jera tsakuwa ba zai rubuta “zata” ko “shine” ba.

Bayan haka ya kwafa. Jimla ɗaya a rana, wadda shi ya faɗa, a allo da alli kafin kaye, domin kuskuren allo gogewa ake yi, ba ya zama tabo da yaro zai riƙa gani. A cikin kwafin nan ne zai koyi babban baƙi a farko, aya a ƙarshe, alamar tambaya. Su ma ku bi da su ta kunne: ku karanta “Ya zo.” da “Ya zo?”, ya faɗa muku wacce ce ke tambaya, sa'annan ku nuna masa alamar.

Baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, yaro Bahaushe yana jin su sarai, hannunsa ne ke mantawa. Ku haɗa masa tagwaye: kafa da ƙafa, bari da ɓari, kasa da ƙasa, ya ji, ya nuna, ya rubuta. Karya-harshen nan na kwaɗo da ƙato da suka tafi ƙoto yana aiki sosai a nan. A Nijar, ƙa'idar rubutun Hausa da ma'aikatar ilimi ta tsayar a 1999 tana amfani da ƴ, alhali littattafan da ke zuwa daga Kano da Zariya 'y suke rubutawa. Ku nuna masa biyun, ku ce sauti ɗaya ne, ya riƙe ta ƙasarsa.

Sai wani abu da ya keɓanta da mu. Yaron yana ganin saƙonni a wayarku an rubuta “tchikin”, “ina kouana”, yana ganin allunan hanya an rubuta Tahoua, Madaoua, Bouza. Wannan rubutun Hausa ne da ƙa'idar Faransanci. Ku gaya masa a fili: a Hausa “c” ce ke ba da sautin ciki, “u” da “w” ne ke aikin “ou”. Kuma in za ku iya, ku gyara naku rubutun na waya, domin abin da yake gani a hannunku ya fi abin da kuke faɗa ƙarfi.

Mataki na biyar: dikte mai shiri

Diktar da yawancinmu muka sani ta tarko ce: a karanto abin da yaro bai taɓa gani ba, a ƙirga kurakurai da jan bik. Wannan gwaji ne, ba ya koyar da komai. A gida ku yi mai shiri. Ku rubuta jimla, ku karanta tare, ku tambaye shi ina ne yake ganin zai iya zamewa, ya ja layi a wurin. Ya kalle ta da kyau, ya rufe ido ya ga ko tana nan. Ku juya allon, ku faɗa sau ɗaya a natse, ya rubuta a nasa. Sa'annan ku juyo naku ya kwatanta da kansa, shi zai nemo inda ya bambanta. Jimla ɗaya ga ɗan shekara bakwai, biyu ko uku ga ɗan takwas. Ba maki, ba tsawa, balle bulala.

Mataki na shida: Faransanci

A nan ne iyaye suka fi gaggawa, domin sun san jarrabawa da Faransanci ake yin ta, kuma a rubuce. Amma ko a lakwal, wato makarantar boko, aikin ajin CI, ajin farko na firamare, mafi yawansa koyon magana ne. Darussan nahawu da jujjuya aikatau sai wajen CE1, aji uku, suke kankama. Yaron da bai iya cewa yana jin ƙishirwa da Faransanci ba, ba abin da teburin aikatau zai ƙara masa sai hadda marar ma'ana.

Ku fara da abin da ake ji. Kowane suna a koye shi tare da “un” ko “une”, kada a taɓa ba shi tsirara: “une école”, “un arbre”. Na zaɓi waɗannan maimakon “le” da “la” domin a gaban wasali su biyun “l'” suke komawa, jinsi ya ɓace. Ku gargaɗe shi cewa jinsin Hausa ba ya binsa zuwa can. Rana mace ce, “le soleil” namiji. Wata namiji ne, “la lune” mace. Gida namiji, “la maison” mace. Kasuwa mace, “le marché” namiji. Yaron da ya yi wasan “ya ko ta” ya riga ya san cewa abu marar rai yana da jinsi, wannan kuwa rabin aikin ne.

Wani wurin zamewa shi ne mallaka. A Hausa “gidansa” da “gidanta” suna gaya maka ko mai gidan namiji ne ko mace. A Faransanci duk “sa maison” ne, domin “son” da “sa” abin da aka mallaka suke bi. Wannan da baki ake horar da shi, ana nuna kaya a tsakar gida: “son seau”, “sa natte”, ko na Baba ne ko na Inna.

A aikatau ma ku fara da waɗanda kunne ke raba tilo da jam'i: “il est, ils sont”, “il a, ils ont”, “il va, ils vont”, “il fait, ils font”, “il finit, ils finissent”. Wasan jiya da gobe ya dawo da “hier” da “demain”.

Sai bayan waɗannan sun zauna a baki za a shiga sashen ido. Ku rubuta “le mouton mange” a sama, “les moutons mangent” a ƙasa. Ku karanta masa biyun, ku tambaye shi me ya ji ya canza. Zai ce “le” ta koma “les”, shi ke nan. Sai ku ce to duba, me ka ga ya canza? Ku ba shi alli mai launi ya zagaye “s” da “nt”. Ni bebayen baƙaƙe nake kiransu a gaban yara: suna nan, suna aiki, amma ba su magana. Don ya yarda cewa suna nan da gaske, ku kawo masa inda suke buɗe baki. A “les amis” ana jin “s” ɗin tana fita da sautin “z”, haka a “ils arrivent”. “Petit” da “grand” suna ɓoye baƙin ƙarshe, amma “petite” da “grande” suna fito da shi. Ku koya masa ya riƙa mayar da sifa mace a bakinsa don ya gano baƙin da ke ɓoye.

Har ƙa'idojin da suka fi wahalar da ƴan CE da CM, wato aji uku zuwa shida, a rubutu, da baki ake warware su. Tsakanin “a” da “à”, a gwada sa “avait”. In jimla ta tsaya, “a” ce marar alama. Tsakanin “et” da “est”, a gwada “était”. Tsakanin “mangé” da “manger”, a musanya da “vendu” ko “vendre” a ji wanne ya zauna. Duk waɗannan dabaru suna aiki ne ga yaron da kunnensa ya saba da harshen har yana iya cewa “wannan bai yi daɗin ji ba”. Wanda aka tsallake masa magana aka kai shi rubutu, dabarun ba su da abin da za su kama a jikinsa.

Mataki na bakwai: sunayen abubuwa

Suna, aikatau, sifa, wakilin suna, bayanau: yaushe za a faɗa masa waɗannan? Bayan ya iya aiki da su, wajen shekara bakwai zuwa takwas, kuma ɗaya bayan ɗaya. Ku yanka kwalin sukari ƙanana, ku rubuta kalma guda a kowane. Ya ware su tsibi biyu, na abubuwa da mutane, da na abin da ake yi. In ya ware daidai kwana da kwanaki, sai ku ce wannan tsibin sunansa suna, da Faransanci “nom”. Wancan aikatau, “verbe”. Ya jera su ya gina jimla, ya cire ɗaya ya ga ko ta tsaya. Haddar ma'ana, irin “aikatau kalma ce mai nuna aiki”, ba laifi ba ce in ta zo a ƙarshe. In ta zo a farko, za ku sami yaro mai rera ma'anar tiryan-tiryan amma ya kasa nuna aikatau a jimlar da ke gabansa.

Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin wannan jerin. Ba a miƙa wa ɗan makarantar allo Ajurumiyya, ɗan littafin nahawun Larabci na Ibn Ajurrum wanda ya rasu a Fas a 1323. Sai ya yi shekaru yana ji yana karanta Larabcin Alƙur'ani, ya shiga karatun ilimi, sa'annan a zo nahawu, shi ma malam na karantawa yana fassarawa da baki.

Mataki na takwas: ya rubuta nasa

Kada a zauna a baki har abada. Akwai yaran da in ka tambaye su suna amsawa kamar ruwa, in ka ba su takarda su daskare, domin an jinkirta musu fiye da kima. Daga shekara takwas, kowace rana sai ya rubuta wani abu nasa, ko layi uku ne.

Abin da ya fi sa yaro ya dage shi ne ya san akwai mai karantawa. Gidaje da yawa a Adar suna da uba ko kawu a Abijan ko wani wurin bida. Maimakon saƙon murya kaɗai, yaron ya faɗi abin da yake so ya gaya wa Baba, ya maimaita har ya daidaita a bakinsa, sa'annan ya rubuta a takarda, ku ɗauki hotonta ku aika ta WhatsApp. “Baba, ina wuni. Tunkiyarmu ta haihu, ta haifi biyu. Inna ta ce ɗaya nawa ne.” A layukan nan akwai jinsi, akwai lokaci, akwai raba kalma, akwai aya. Ku roƙi uban ya amsa a rubuce shi ma.

Wajen gyara, abu ɗaya a mako. In makon na raba kalmomi ne, ku kau da kai daga sauran. Ku sa ya karanta abin da ya rubuta da ƙarfi, yatsa a ƙarƙashin kowace kalma; da kansa zai ji inda ya tsallake “ya” ko ya manta “ba” ta ƙarshe.

Inda za a sassauta tsarin

Ba duk yaro ne bakinsa ke gaba da hannunsa ba. Mai in'ina, ko mai tsananin kunya, tambayar baki a jere takura ce a gare shi. Irin wannan ku ba shi kwalayen kalmomi da wuri, ya nuna ko ya jera maimakon ya furta, ku kuma ba shi lokaci ya gama maganarsa ba tare da wani ya ƙarasa masa ba. Yaron da kuma har ya kai shekara shida yana kasa raba kafa da ƙafa a ji, ko yana yawan cewa “na'am?”, ko kunnensa na zubar da ruwa, a kai shi likita a duba jinsa kafin a ɗora masa laifin rashin kula, domin duk wannan tsarin a kan kunne ya tsaya.

In kuna da niyyar mayar da shi lakwal wata rana, ku je wajen daraktan makarantar unguwa kafin komawar Oktoba, ku nemi ganin littattafan ajin da ya dace da shekarunsa; cibiyar INDRAP da ke Yamai ce ke shirya yawancin na firamare. Ku duba abin da ake sa ran ɗan ajin ya iya rubutawa a ƙarshen shekara, ku raba shi wata-wata, kowane darasi ku fara yin sa da baki kwana biyu ko uku kafin ya hau allo.